Asalin Jam'iyyun Tsimi da Tanadi

A ƙasar Gwarzo, tun daga Kutama har zuwa garuruwan Kabo, babu lokacin da ya fi tsakiyar damina tsanani ga manomi. Rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, ga maimai yana neman hannu. A nan ne bashi kan shiga gida. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai masu sayenta suka riƙa ba manoma kuɗi da damina, a biya su da gyaɗa da kaka bisa farashi mai rahusa. Ta haka mutum kan sha ranar gona, wani ya kwashe amfanin.

Tun da can Hausawa suna da dabararsu, watau adashi. Kowa ya yi zubi wurin uwar adashi, ana kwasa bi da bi. Aibinsa guda ne: ranar kwasar mutum ba lalle ta zo daidai da ranar bukatarsa ba.

Wannan ciwo ba na ƙasar Hausa kaɗai ba ne. Cikin 1846 zuwa 1847 aka yi yunwa a ƙasar Jamus, masu ba da bashi da ruwa suka cinye gonakin talakawa da dabbobinsu. Wani magajin gari mai suna Raiffeisen ya tara mawadata don su taimaka, amma bayan 'yan shekaru ya ga sadaka ba ta warkad da talauci, masu bayarwa kuwa sukan gaji. Saboda haka cikin 1864, a garin Heddesdorf, ya kafa jam'iyyar da masu bukatar rance su ne da kansu masu ita. Da ma an ce da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Daga Jamus dabarar ta bazu har Indiya. Wani Bature, Mista Strickland, wanda ya daɗe kan wannan aiki a can, ya zaga Nijeriya, ya ba da rahotonsa cikin 1934. Aka kafa dokar jam'iyyun cikin 1935, sa'an nan Jihar Arewa ta yi tata cikin 1956.

To, ga yadda irin wannan jam'iyya ke tafiya. Mutanen da suka san juna, 'yan gari ɗaya ko masu sana'a ɗaya, su kan haɗu. Kowa ya sayi hannun jari, ya riƙa ajiye abin da ya sawwaƙa, ana rubuta masa a littafinsa. Su zaɓi shugaba da ma'aji da magatakarda daga cikinsu, kuma wurin zaɓe mai ajiya da yawa da mai kaɗan duk ƙuri'a ɗaya ce. Wanda ke son rance ya faɗi dalili, ko taki, ko garma, ko magani, ya kawo waɗanda za su tsaya masa. Ƙarshen shekara a bincika lissafi, a karanta shi gaban kowa, a ajiye wani kashi na rara, a raba saura. Inda Musulmi suka guji riba, akan ba da rance ba ruwa, jam'iyya ta nemi abin tafiyar da kanta ta hanyar ciniki, kamar sarin taki a sayar wa 'ya'yanta.

Amma jam'iyyu da yawa sun mutu, kuma dalilan ba su wuce biyu ba: ma'aji ya ci amana, ko masu rance su ɗauka kuɗin Gwamnati ne, su ƙi biya. Alhali kuwa abin da ke cikin akwatin gumin maƙwabci ne. Saboda haka wanda ya iya karatu da lissafi ya zama garkuwar 'yan'uwansa, don shi ke iya duba littafi ya ga abin da ya shiga da abin da ya fita. Garin da ke da irin waɗannan mutane, da ma'aji mai tsoron Allah, manomansa sun huta da sayar da kakarsu tun tana gona.