Sirrin da gawarwakin samari suka tona a yaƙin Koriya

Tarihinmu na wannan mako daga ɗakin binciken gawa ya fito.

Tun a 1761 wani likitan birnin Faduwa na ƙasar Italiya, Giovanni Morgagni, ya wallafa littafi kan gawarwaki kusan 700, inda ya haɗa ciwon da mutum ya yi fama da shi yana raye da ɓarnar da aka gani a cikin jikinsa bayan ya mutu. Daga nan likitoci suka riƙi binciken gawa a matsayin hanyar gane asalin cuta. Duk da haka, har tsakiyar ƙarni na 20 ana kallon toshewar jijiyoyin zuciya a matsayin ciwon dattawa, domin su ne ake gani yana kayarwa.

Yaƙin Koriya, wanda aka gwabza daga 1950 zuwa 1953, ya girgiza wannan fahimta. Likitocin sojan Amurka uku, William Enos da Robert Holmes da James Beyer, sun duba zukatan sojojin Amurka 300 da aka kashe a fagen fama. Matsakaicin shekarunsu kimanin 22 ne, majiya ƙarfi waɗanda aka tantance lafiyarsu kafin a ɗauke su aikin soja. Da aka tsaga jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini, sai aka ga alamun cutar a kashi 77 cikin ɗari. A wasu kaurin bai taka kara ya karya ba, a wasu kuwa hanyar jinin ta kusa toshewa. An buga sakamakon a mujallar JAMA a 1953.

Abin da suka gani shi ne maiƙo da ke taruwa sannu a hankali a cikin bangon jijiya, ya yi kauri, ya ƙuntata hanya. Mutum zai iya shekara da shekaru bai ji komai ba. Ranar da kaurin ya fashe, gudan jini ya toshe wurin, sai tsokar zuciyar da ba ta samun jini ta fara mutuwa.

An sake irin wannan bincike a yaƙin Biyetnam, inda rahoton 1971 ya sami alamun a kashi 45 na sojoji 105. Na 2012, kan sojoji 3,832 da suka mutu a yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afganistan, ya sami kashi 8.5. Ma'aunin binciken ba ɗaya ba ne, don haka ba a jera alƙaluman kai tsaye, amma raguwar shan taba na cikin dalilan da masana ke kawowa.

Harsashi ne ajalin samarin nan, amma gawarwakinsu sun nuna cewa ciwon da ke kayar da ɗan shekara 60 yakan soma tun yana ɗan 20. Shi ya sa likitoci ke cewa a guji taba, a motsa jiki, a auna hawan jini tun ana jin ƙarfi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.