Kwalekwale Cikin Dajin Bagaruwa

Wanda ya shiga kwalekwale a Mai Wurno, kudu da Sannar, cikin watan Agusta sa'ad da Shuɗin Nilu ya cika, zai ga dazuzzukan bagaruwa tsaye cikin ruwa kamar tsibirai. Ruwan ya yi duhu da lakar da ya kwaso daga duwatsun Habasha. Masunta suna ratsa tsakanin itatuwa, tsuntsaye na tashi a gabansu.

Kakannin mutanen garin nan da ƙafa suka zo. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, har suka zauna a bakin kogin. Daga baya maniyyata da guzuri ya ƙare musu suka riƙa tararsu.

Amma kogin bai tsaya yadda suka same shi ba. A 1925 aka gama madatsar Sannar domin shayar da audugar Jazira, Hausawa da yawa kuwa suka shiga ƙwadago a gonakin. A 1966 aka ƙara ta Rusairis. A 2025 Habasha ta buɗe tata, wadda ta fi su duka girma.

Ita bagaruwar bakin kogi da ambaliya take rayuwa: ruwa ya kwanta mata watanni, sa'an nan ya janye. Da katakonta ake gina jiragen ruwa. In ambaliya ta daina zuwa, da me jikokin masuntan nan za su shiga kogi?