Gidan Ɗan Hausa da Aikin Hannun Iyayenmu Mata

'Yan uwa mata, tunda a bikin cikar shekarun ƙungiyarmu na bana maganar ginin ɗakin ajiyar hatsi ce a bakin kowa, mun ga ya dace mu leƙa wani tsohon gida a Kano.

Gidan Ɗan Hausa yana unguwar Nasarawa. Nan Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa saboda yadda ya ji harshen. Gidan na Bature ne, amma ginin na magina Hausawa ne tun daga tushe. Da tubali aka ɗora bango, mai kauri ƙwarai, shi ya sa ko a bazara cikin ɗakunan da sanyi kamar gindin randa. Rufin kuwa azarar giginya ce, wadda gara ba ta iya mata. Sai dai azara ba ta ɗaukar nisa, in ɗaki ya yi faɗi sai ta lanƙwashe. Dabarar magina ita ce bakan gizo: a fito da azara daga bango hawa-hawa, a lulluɓe da ƙasa, har su haɗu a tsakiya su riƙe rufin ba ginshiƙi. A waje ga zanko a kusurwoyi, ga indararo da ke jefa ruwan sama nesa da gindin bango. Da ƙasa aka gina tsohuwar Kwalejin Katsina ma, wadda aka buɗe a 1922, kuma duk biyun suna nan tsaye.

To, ina namu a ciki? Ai daɓe aikin mata ne. Mu nan Mai'adua, manyanmu sun san yadda ake gayya a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba na bawon ɗorawa, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa har ƙasa ta yi sheƙi. Yau 'ya'yanmu nawa ne suka taɓa riƙe madaɓi?

Gaskiya ginin ƙasa yana da wahalarsa, duk shekara kafin damina sai an yi yaɓe, in an yi sakaci rufi ya jiƙe ya rufto. Amma buhun wake a ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, kun san abin da zafi yake masa. Kwamitin gini zai kawo mana kuɗin bulo da na tubali a taro mai zuwa, kuma muna roƙon tsofaffinmu da suka iya daɓe su halarta.