Karɓo mabuɗin da rumbun bayanai ya ƙirƙira

Karɓo mabuɗin da rumbun bayanai ya ƙirƙira hanya ce da manhaja ke bi ta san lambar da aka ba sabon layi da zarar an shigar da shi cikin tebur. Ana kiran lambar mabuɗi domin ita ce ke bambanta layin da kowane layi. A yawancin tebura rumbun ne ke ƙirga ta da kansa, 1, 2, 3, har gaba. Manhaja kuwa ba ta magana da rumbun kai tsaye sai ta bakin direba, wato ƙaramar manhajar da ke yi musu tafinta, don haka a wurin direban ake neman lambar.

Amfaninsa

A ce wata makarantar sakandare a Gantsa, hedikwatar ƙaramar hukumar Buji a jihar Jigawa, tana rajistar ɗalibai a kwamfuta. Sunan ɗalibi na shiga tebur ɗaya, kuɗin jarrabawar da ya biya na shiga wani. Kafin a rubuta kuɗin sai an san lambar ɗalibin, domin suna ba ya wadatarwa: aji guda na iya ɗaukar Musa Ibrahim uku.

Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne su tambayi rumbun lamba mafi girma a teburin, su ɗauka ita ce tasu. Idan mutum ɗaya ke aiki, ba a ganin illar. Amma idan malamai biyu na rajista a lokaci guda, na biyu zai iya shigar da nasa ɗalibin kafin tambayar na farko ta isa, sai kuɗin wani ya hau kan sunan wani, kuma kwamfuta ba za ta nuna an yi kuskure ba.

A harshen Java

JDBC 3.0, wanda ya zo tare da Java 1.4 a shekarar 2002, shi ya kawo tsayayyar hanya. Mai rubuta manhaja yana sa alamar RETURN_GENERATED_KEYS lokacin shirya umarnin INSERT, bayan umarnin ya gudana sai ya kira getGeneratedKeys. Amsar na zuwa a matsayin ɗan tebur, ko da lamba ɗaya ce a ciki. A Python ana samun makamancin haka ta lastrowid, a PHP ta lastInsertId.

Bambancin rumbuna

Umarnin ɗaya ne, amma kowane direba da halinsa. MySQL na riƙe lambar ƙarshe ga kowane haɗi daban, saboda haka aikin wani ba ya shafar na wani. Sai dai idan an shigar da layuka da yawa a umarni guda, LAST_INSERT_ID na ba da lambar layin farko ne kawai. PostgreSQL ya samu kalmar RETURNING a fitowa ta 8.2 a 2006, kuma direbansa kan dawo da layin gaba ɗaya idan ba a faɗi ginshiƙin da ake so ba. Na Oracle ya fi rikita sabon shiga: idan ba a ambaci sunan ginshiƙin ba, ROWID yake bayarwa, wato adireshin layin a ma'ajiya, ba lambar ɗalibin ba. Shi ya sa ambaton sunan ginshiƙi ya fi aminci.

Lambobin ba lallai su zo a jere ba. A PostgreSQL da MySQL, idan an soke shigarwa, lambar da ta ci ba ta dawowa, sai a ga 41 sannan 43. Mabuɗi mafi girma ba ya nuna yawan ɗaliban da ke cikin tebur.