Baiwa da Gwaninta a Tarihin Ikilisiyar Yammacin Kano

A Hausa kalma ɗaya muke yi wa abubuwa biyu. In maƙeri ya iya fitar da garma mai kyau, sai mu ce Allah ya yi masa baiwa. In yarinya tana da zaƙin murya, haka. Da wannan kalma kuma muke karanta 1 Korintiyawa 12 da Romawa 12, inda Manzo Bulus yake magana a kan baye-bayen Ruhu Mai Tsarki. Kalmar da ya yi amfani da ita a Helenanci ita ce karisma, tushenta kuwa karis, wato alheri: abin da aka ba mutum ba don ya cancanta ba, aka kuma ba shi domin amfanin jikin Almasihu. Ɗalibai sukan tambaye mu a aji ko gwanintar da aka haifi mutum da ita ita ce baiwar Ruhu. Kafin mu amsa daga littafi, bari mu duba yadda ikilisiya a ƙasar Gwarzo da Kabo ta yi fama da wannan tambaya, domin tun ranar da bishara ta shigo take biye da mu.

Bishara ba ta shigo ƙasar Kano da wa'azin kasuwa ba. A 1900 Bishop Tugwell da ƙungiyarsa ta CMS, har da Dokta Walter Miller, sun isa birnin Kano, Sarki Alu ya sallame su. Bayan Turawa sun ci ƙasar ma, gwamnatinsu ta daɗe tana hana 'yan mishan zama a masarautun Musulmi. Sai a 1933 SIM ta sami wurin zama a Kano. Ƙofar da ta buɗe sosai ita ce ta jinya: a 1937 aka danƙa wa SIM kula da mazaunin kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano. Daga nan aikin ya bazu zuwa karkara, aka kafa tashoshi a wurare irin su Kabo da Ƙaraye da Roni, da Malumfashi a hayin Katsina, kusa da ƙauyukan Hausawan da ake kira Maguzawa.

Mu lura da abin da wannan yake nufi. Fuskar ikilisiya ta farko da manomin ƙasar Gwarzo ya gani, ta mai allura ce da mai alli. Wanda ya iya wanke gyambo, wanda ya iya ɗiga maganin ido, wanda ya iya koyar da abacada, su ne suka fara samun izinin zama. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 da boko aka buga shi, saboda haka duk wanda ya iya karatu a ƙauye, shi ne zai tsaya gaban jama'a ran Lahadi, ko da yaro ne a gaban iyayensa. Nan da nan aka sami tsani: yaro ya tafi makarantar Roni, yarinya ta tafi ta Kabo, mai ƙwazo ya wuce makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa, ya dawo ana ce masa Malam.

Ba za mu zargi magabatanmu a kan wannan ba. Ba su da wata hanya, mu da muke rubutu yau kuma a kan wannan tsani muka hau. Amma ya bar mana wata ɗabi'a da har yanzu ba mu rabu da ita ba, ta auna ruhaniyar mutum da takardarsa. Wanda ya iya karatu muka ɗauka shi ne mai baiwar koyarwa. Wanda ya iya lissafi muka ba shi ma'aji, daga nan ya zama dattijo, ba wanda ya tambaya ko yana da zuciyar makiyayi.

Akwai wani layi na biyu a tarihin nan, wanda bai cika shiga rahoto ba. Wajen 1950 sabon maganin kuturta ya iso, aka fara sallamar majinyata da yawa, aka kuma buɗe ƙananan wuraren shan magani a ƙauyuka. Waɗansu daga cikin waɗanda suka ba da gaskiya a Yadakunya da Babbar Ruga suka koma gida, waɗansu suka zama masu raba magani, waɗansu masu bishara. Ga mutum ba yatsu, karatunsa bai taka kara ya karya ba, a idon jama'a kuma shi abin ƙyama ne. Ba shi da abin da za mu kira gwaninta. Duk da haka ta bakin irin waɗannan ne gidaje da dama suka fara jin sunan Yesu a matsayin Mai Ceto, domin sun iya zama da mai ciwo ba tare da gaggawa ba, sun iya jure zagi, sun iya faɗin abin da Allah ya yi musu. Jinƙai, ƙarfafawa, bangaskiya, taimako: dukansu suna cikin jerin Bulus. Shi ne kuma ya koya wa Korintiyawa cewa gaɓoɓin da ake gani raunana ne, su ne jiki ba ya iya yi sai da su. A ƙasarmu wannan koyarwa ta yi tafiya da ƙafafu masu gyambo.

Ta wajen waɗanda suka karɓi bishara kuwa, tambayar ta zo da wata kama. A gidan Bamaguje sana'a gado ce. Ƙira, wanzanci, farauta, kiɗa, sanin saiwa da sassaƙe, kowanne yana da gidansa, da yawa kuma suna haɗe da tsafin gida da hidimar iskoki. A bori, iska ne yake zaɓen dokinsa, ya hau shi, ya ba shi abin da sauran mutane ba su da shi. To, makaɗi ya tuba, yaya zai yi da gangarsa? 'Yan mishan na farko da yawa sun ga hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye ta gaba ɗaya, aka koya wa masu bi waƙoƙin da aka fassara daga Turanci da muryoyin Ingila da Amurka. Tsoronsu yana da dalili, gama ganga ɗaya ce take kiran iska ta kuma raka amarya. Amma an yi asara. Mutumin da Allah ya halitta da kunnen kiɗa ya zauna a benci shekara da shekaru yana tsammani hannunsa na Shaiɗan ne.

Fitowa 31 ta isa ta warware wannan tun farko. Bezalel gwanin aikin zinariya da itace ne, Nassi kuma ya nuna Ruhun Allah ne ya cika shi domin aikin alfarwa. Gwanintar daga Mahalicci take, ana samunta wurin mai bi da marar bi, kamar ruwan sama. Abin da ya canja a wurin Bezalel shi ne wanda ya mallaki hannun da kuma abin da ake ginawa da shi. Ikilisiyarmu ta gane haka a hankali, ba a aji ba. Zumuntar mata ta shigo da tulu da caki cikin sujada. Sabon Rai Don Kowa, da ya tashi a farkon shekarun 1960, ya ce kowane mai bi mai shaida ne, ƙungiyoyinsa suka shiga ƙauyuka da waƙoƙin da aka tsara da muryar gida. Manomi da bai taɓa riƙe alli ba ya sami abin yi.

Gwajin ya zo a shekarun 1970. Gwamnati ta karɓe makarantu da asibitocin mishan da yawa, makarantar 'yan mata ta Kabo ma ta koma hannunta. A 1976 SIM ta miƙa ragowar aikinta ga ECWA, wadda aka kafa tun 1954. In da ikilisiya a kan allura da alli kaɗai take tsaye, da a nan ta faɗi. Sai ga shi a waɗannan shekarun ne aka ga Hausawan karkara na Kano da Katsina suna karɓar bishara gida-gida fiye da dā, ta hannun masu bishara na EMS da na sauran ɗariku, da ta hannun 'yan'uwansu na jini. Makarantar ta yi aikinta, ta haifi masu karatu. Amma abin da ya riƙe masu bi a lokacin da aka hana su auren 'ya'ya ko aka janye musu gonar aro, shi ne tsohuwar da ta san gidan da ba a ɗora tukunya ba, da dattijon da ya iya sulhunta wa da ƙane.

A daidai wannan zamani kuma wata iska ta taso daga jami'o'i da birane, ta farkawar Fentikos. Ta tuna mana cewa Ruhu yana aiki yau, muna kuma gode mata. Sai dai a ƙauyukanmu ta sami ƙasa da bori ya riga ya nome. Mutanen da kakanninsu suka saba ganin iska ya hau mutum ya yi magana, ba wuya su ɗauka baiwa ita ce faɗuwa da rawar jiki da faɗin abin da ke ɓoye. Dā mun ce mai takarda shi ne mai baiwa, yanzu muna neman mu ce mai abin mamaki ne. Duka biyun suna ɗaga mutum ɗaya bisa jama'a, alhali 1 Bitrus 4 ta ɗauki kowane mai bi a matsayin wakili da aka ba amana domin ya yi wa ɗan'uwansa hidima. Ko misalin talanti a Matiyu 25, da muke yawan jawowa a nan, a kan kuɗi yake: talanti ma'aunin azurfa ne mai nauyi, kuma na maigida ne, ba na bawan ba.

Kowace shekara wasiƙun shaida suna zuwa mana daga majalisun dattawa game da waɗanda suke so a ɗauka karatun fastanci. Yawancinsu abu ɗaya suke faɗa: yaron ya gama sakandare, yana da murya, ya iya Turanci, ba a taɓa kama shi da laifi ba. Da wuya mu ga wadda ta ce ga wanda ya komo ga Ubangiji ta wurinsa, ko ga gidan da ya yi jinya a ciki, ko ga rigimar da ta mutu a hannunsa. Mukan mayar da irin wannan wasiƙa mu roƙi dattawa su sake zama, a wannan karo kuma su kira shugabar zumuntar mata su ji ta bakinta.