Tsirkiyar Goge da Garaya: Daga Wutsiyar Doki Zuwa Wayar Keke

Da yawa daga cikinmu da neman abinci ya kai Legas, Abuja ko Fatakwal, idan muka ji kukan goge a rediyo sai hankalinmu ya koma gida. Amma da wuya a sami wanda ya taɓa tambayar abin da ke fitar da wannan kuka. Tsirkiya ce, kuma tarihinta ya ratsa Fagge da Sabon Gari fiye da yadda muke zato.

Tun kafin zuwan Turawa a 1903, Fagge zango ce ta fatake da Buzaye masu ratso Sahara, a bayan ganuwar birni. Sabon Gari kuwa an kafa ta ne wajen 1913, bayan isowar jirgin ƙasa. Malaman jihadin 1804 sun yi suka mai tsanani ga kiɗan goge da molo, musamman saboda alaƙarsa da bori, don haka mai goge bai cika sakewa a cikin birni ba. A wajen ganuwa ya sami masauki da masu saurare, wato a unguwanninmu. Ko muna alfahari da wannan gado ko muna jin nauyinsa, ya riga ya zama namu.

Goge dai ƙwarya ce da ake rufe bakinta da fatar damo ko guza, a soka mata sanda. Tsirkiyarsa ɗaya ce tak, amma ba sili ɗaya ba ne. Gashin wutsiyar doki ake tsefewa, a daidaita tsawonsa, a haɗa shi damƙi guda, a ɗaure a wuyan gogen, sannan a ɗora shi bisa ɗan iccen da makaɗa ke kira jaki. Izgar da ake gogawa ita ma gashin doki ce. Gashi a kan gashi santsi yake yi, ba zai yi magana ba sai an shafa masa ƙaro, shi ya sa ba a raba mai goge da ɗan dunƙulen ƙaronsa. Wannan gugar gashi da gashi ce ke ba goge muryar nan mai ɗan kaushi, wadda ke kama da ta mutum.

Gashi abu ne mai jin yanayi. Da damina yakan sha danshi ya saki, da hunturu ya bushe ya riƙa tsinkewa sili-sili. Makaɗi na gaske sai ya san halin tsirkiyarsa kamar yadda barde ya san halin dokinsa. Kano kuwa ba ta taɓa rasa dawaki ba. Bargar sarki da ta hakimai sun isa shaida, ga kuma Hawan Sallah da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024. Sai dai mai doki ba ya son a taɓa masa wutsiya, domin ita ce adon hawa, ita ce kuma abin korar ƙuda.

Garaya, kayan kiɗan maharba da 'yan bori, tsirkiya biyu gare ta, kuma daga jikin saniya ake samo su. Jijiya ake cirewa a wanke, a murza, a miƙe ta a shanya har ta yi ƙarfi. Ashe ke nan mahauci ma yana da hannu a cikin kiɗa, ga shi babbar kwatar Kano tana nan kusa da Ƙofar Mazugal, a gefenmu.

Ba mu kaɗai muka san sirrin wutsiyar doki ba. Matan Buzaye suna da nasu gogen mai suna imzad, wanda UNESCO ta karrama a 2013. Dagombawan Gana suna kiransa gonje, Yarbawa kuma goje, shi ne Yusuf Olatunji, wanda ya rasu a 1978, ya yi suna da shi a kiɗan sakara. Turawa da hanjin tumaki suka daɗe suna yin tsirkiyar gogensu, mutanen Sin kuma da siliki, amma har gobe izgar gogen Turawa gashin doki ce, galibi daga Mongoliya da Saberiya.

Canji ya zo ne ta kasuwa. An ƙirƙiro lailon a Amurka a 1935, sannu a hankali zaren kamun kifi na roba da wayar birkin keke suka cika rumfuna irin na kasuwar Sabon Gari. Ga araha, ga ƙarko, kuma ba ruwansu da damina. Masu molo da gurmi da garaya da dama suka koma kansu. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, kuntiginsa ma da gwangwanin kifi aka yi, kuma babu wanda zai ce kiɗansa ya gaza. Saboda haka ba mu ga laifin makaɗin da ya zaɓi waya ba. Goge ne ya fi tirjewa, don roba ba ta riƙe ƙaro kamar gashi.

Abin da ke damunmu shi ne, muna da faya-fayen Audu Yaron Goge, da gurmin Haruna Uji, da kukumar Hassan Wayam, amma masu murza jijiya da tsefe izga ba a ɗauki muryarsu ba. Daga shekarar 2000 da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano wuraren wasa sun ragu, fiyanon situdiyo kuma ya karɓe bukukuwa. Tsofaffin da suka iya wannan aiki ƙalilan ne suka rage, 'ya'yansu sun kama wasu sana'o'in. Wanda duk ya zo gida Sallar bana, da wayarsa a aljihu, ya nemi ɗayansu ya zauna da shi, ya tambaye shi yadda ake zaɓen gashi da irin ƙaron da ya fi kamawa, ya kawo wa sakataren ƙungiya abin da ya ɗauka.