Jerin rubuce-rubuce a takardar neman aiki: taƙaitaccen tarihi daga Gazargamu zuwa Sayam

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ɗaukar malaman jami'a ya san cewa a cikin takardar tarihin aiki, wadda aka fi sani da CV, shafin da ake daɗewa a kansa shi ne wanda mai neman aiki ya jera abubuwan da ya buga. A cikin wannan ƴar takarda za mu yi ƙoƙarin nuna cewa wannan jeri yana da tarihinsa, kuma ma'aunin da muka gada yana barin wani kaso na ilimi a waje. Mun ɗauki misalinmu daga Sayam, arewa da garin Diffa.

1. Shaidar malami a ƙasar Barno

A daular Barno, wadda babban birninta Gazargamu yake kusa da kogin Komadugu, malami yakan gabatar da shaida iri biyu. Ta farko ita ce ijaza, wato izinin da malami ke ba ɗalibinsa, inda ake ambaton littafin da ya karanta da salsalar malaman da littafin ya biyo ta hannunsu. Ta biyu ta mahaddata ce: mutum ya rubuta Alƙur'ani da ka, gwanaye su bi shi ganye-ganye suna duba wasali da ɗigo. Ke nan duban masana ga rubutun ɗan'uwansu tsohon abu ne a wannan kwari. Sai dai ijaza tana faɗin abin da mutum ya karɓa ne da wanda ya ba shi, alhali jerin yau yana tambayar abin da ya ƙara.

2. Gadon Faransa da hukumar CAMES

Jerin da muke amfani da shi ya samo asali daga al'adar jami'o'in Faransa, inda ɗan takara ke gabatar da kundin «titres et travaux», wato digirorinsa da ayyukansa. A Nijar, cibiyar IFAN da aka buɗe a Yamai a 1944, wadda daga baya ta zama IRSH, ta samar da kafar bugawa ta «Études nigériennes». A nan ne Maikoréma Zakari ya buga nazarinsa a kan tarihin Mangari a 1985. Cibiyar ilimi mai zurfi ta Yamai kuwa an kafa ta a 1971, ta zama jami'a a 1973.

A Yamai ɗin ne kuma shugabannin ƙasashen OCAM suka kafa CAMES a 1968. Mazauninta yana Wagadugu, kuma Joseph Ki-Zerbo ne sakatarenta na farko. Kwamitocinta na masana suna zama kowace shekara, su duba kundin malami, su yanke ko ya cancanci hawa matakin maître-assistant, ko maître de conférences, ko cikakken farfesa. Abin da ya fi nauyi a ma'auninsu shi ne maƙalar da ta fito a mujallar da ke da masu tantancewa. Amfanin wannan tsari a bayyane yake: malami abokan fanninsa na wasu ƙasashe ne ke auna shi, abin da ke rage tasirin sanayya. Amma tun da da wannan ma'auni ake ƙarin girma, shi ne ya sauko har zuwa kwamitocin ɗaukar sabbin malamai.

3. Sayam: rubutun da ba ya shiga jeri

Bayan farin 1973-1974, gwamnati ta kafa cibiyoyin haɓaka dabbobi, aka keɓe ta Sayam domin shanun Kuri, masu kumburarrun ƙahoni, na yankin tafkin Cadi. Aikin irin wannan cibiya ya haɗa da rubuta haihuwa da mutuwa da yawan madara, da haɗa rahoton shekara. Amma mai neman bayani a kan Kuri, abin da zai fara cin karo da shi shi ne irin maƙalar da Queval da abokan aikinsa suka buga a 1971 a «Revue d'élevage et de médecine vétérinaire des pays tropicaux». Rajistar garke kuwa takan zauna a ofis, kuma wanda ya cika ta ba shi da layin da zai sa ta a CV.

Tarihi ya maimaita wannan a wata siga. A Disamban 2014 aka buɗe sansanin Sayam Forage domin waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Nijeriya, a Fabrairun 2015 kuma aka kai hari Diffa da Bosso. A 2014 ɗin ne aka kafa Jami'ar Diffa. Ƙungiyoyin agaji sun ɗauki matasa masu digiri suna bin tantuna da tambayoyi, suna fassara daga Barbarci da Hausa da Fulatanci zuwa Faransanci, suna rubuta rahoto. Rahoton yakan fito da tambarin ƙungiya, bayanan kuma mallakarta ne, wasu ma sirri ne saboda kare ƴan gudun hijira. Sakamakon haka, wanda ya shekara biyar a Sayam zai iya zuwa gaban kwamiti da shafin da babu komai a cikinsa.

Kammalawa

Muna ganin bai kamata a rushe ma'aunin ba, gyara yake bukata ta ɓangarori biyu. Ga ɗalibanmu, shawararmu ita ce su kasa jerinsu kashi uku: maƙalun da aka tantance, sannan takardun aiki irin wannan da muke ciki, sannan rahotannin da suka sa hannu a ciki, tare da faɗin rawar da suka taka. Kada su haɗa maƙalar da aka karɓa da wadda aka miƙa kawai, kuma su guji mujallun da ke bugawa don kuɗi ba tare da dubawa ba, domin kwamiti kan gane su. Kafin su bar aikin agaji, su nemi shugabansu ya rubuta musu shaidar aikin da suka yi, wato ijazar zamani, su kuma nemi izinin buga abin da bai taɓa sirrin kowa ba. Mu kuma malamai, idan muka zauna a kwamiti, ya wajaba mu karanta kashi na uku, mu yi wa ɗan takara tambayoyi a kansa kamar yadda muke yi a kan na farko.